Albasar da Ba a Tsincewa

Idan aka tambayi maigidana inda muka haɗu, cewa yake yi a jami'a, ya ja bakinsa ya yi shiru, wai shi mai kamun kai. Gaskiya ne, amma ya rage labarin. A layin rajista muka haɗu, gaban ofishin masu digiri na biyu a Sakkwato, kuma maganar farko da ya yi mini kushe ce, ko sallama babu.

Ranar da sassafe na fito daga Wurno, fayil a hannu, jaka a kafaɗa. Cikin jakar akwai albasa biyar da na ɗebo daga gonar Baba don in nuna wa malamin da zai duba aikina. Ina laluben takarda sai ɗaya ta faɗo, ta gangara tsakanin ƙafafun mutane. Wani dogo siriri da ke bayana ya sunkuya ya ɗauka. Maimakon ya miƙo mini, sai ya juya ta, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai ta hanci.

"Wagga ba ta kai damana," ya ce. "An ba ta ruwa dab da cira."

"Na tambaye ka?" na ce.

"Ba ki tambaye ni ba. Hannuna na ba ya jin magana."

Na fizge abata na mayar jaka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. A gabana Baba ya saki ruwa a fangalin da aka dasa ta kwana huɗu kafin a cire, na yi magana aka ce in bari manya su yi aikinsu.

A lokacin ni malamar gona ce. Shekara shida ina yawon ƙauyuka bisa babur ina gaya wa manoma abin da rabinsu sun fi ni sani. Da ƙyar na samu hutun karatu na shekara biyu, kuma na san in na koma hannu rabbana ba za a sake ba ni ba. Abin da nake son bincikawa tun ina yarinya yake damuna. Kowace shekara Baba zai cire albasa ya zuba a rudu, wato ɗan rumbun nan na kara da ake ɗagawa bisa itatuwa a yi masa jinka, yana jiran ta yi daraja. Kafin damina ta yi nisa, mai yawa ta ruɓe. Ina son in san wane irin rudu ne ruɓa ta fi jinkirin yaɗuwa a cikinsa.

Shi kuwa mai danna wuyan albasar mutane, ashe tarihi yake karantawa. Ɗan Goronyo ne, mahaifinsa manomin albasa ne a ƙasan madatsar ruwa. Na san haka ne ranar Alhamis ta farko da na je tasha, na tarar da shi zaune cikin motar da zan shiga. Hanyarmu ɗaya: ni in sauka Marnona in hau kabu-kabu zuwa gida, shi ya wuce. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Na amsa a daƙile, na juya fuskata wajen taga.

Mako na gaba na sake samunsa. Na gaba ma haka. Ya aje littafi a kujerar bakin taga, in na zo ya ɗauke ba tare da ya dube ni ba. Sai daga baya na gane ranar Alhamis ba ya da darasi bayan ƙarfe goma, ni kuwa ba na fitowa sai bayan azahar. Motoci nawa suke cika su tashi yana zaune a benci, Allah kaɗai ya sani. Har yau in na tambaye shi cewa yake yi iskar tasha yake so.

A cikin motar nan muka saba. Yana da labari a baki. Bincikensa kan tsofaffin kasuwanni ne, yana bin dattawa a Rabah da Wurno da 'yar na'urarsa ta ɗaukar magana. Yakan kwaikwayi muryar tsohon da ya yi masa awa uku yana ba da labarin jakinsa, ba a taɓa maganar kasuwa ba. Nakan yi dariya har in rufe baki da hijabi. Amma in ya tambaye ni nawa aikin, sai in ce, "Adana albasa," in tsaya nan. Wani lokaci in ƙara da cewa, "Aikin kimiyya na, ba na masu jin labarin jaki ba." Sai ya yi murmushi ya bar zancen. Wannan girman kai nawa ya ci ni daga baya, kuma ba na ɓoyewa.

Can sai dattawan da yake buƙata duk suka koma unguwarmu. In ya gama da su sai ya biyo ya gaida Baba. Inna ce ta fara ganewa. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Halan tarihin Wurno duk zaurenmu yat taru?" Na ce ni ban san komai ba. Ta ce ita ma haka.

Baba kuwa ya samu abokin hira. Su zauna a zaure, daga maganar iri sai ta dashe, daga dashe sai tsutsa. Ni da nake karatun gona ba a taɓa tambayata ko sau ɗaya ba. Ina jin su ta bayan labule ina cika ina batsewa, amma can cikin raina daɗi nake ji. Bai taɓa ce mini yana sona ba. Ni ma ban matsa ba. Muna ta tafiya a haka, kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Da shekara ta zagayo, darussa suka ƙare, na fara aikin gaske. A filin bayan gidanmu na sa aka gina rudu shida, kowanne da irin gininsa: wani dogo, wani gajere, wani an bar masa ƙofofin iska. Albasa iri ɗaya, daga gona ɗaya, nauyi ɗaya a kowanne. Kowace Asabar zan rataya sikeli a reshen darbejiya, in auna, in ƙirga waɗanda suka ruɓe, in ɗaura musu jan zare, in mayar da su inda na same su. Dokar aikin ke nan: ba a cire ko ɗaya, har mako goma sha shida. In aka cire ruɓaɓɓiya, ta ina zan ga yadda ruɓar ke tafiya?

Duk wanda ya tashi gidan manomin albasa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A wajenmu, wanda ya ga ruɓaɓɓiyar albasa cikin masu kyau ya wuce, ba a ɗaukarsa mutumin kirki. Yaro ma in ya gani tsincewa yake yi. Na yi wa Baba bayani sau uku. Ya ce ya ji. Amma in ya dawo masallaci ya bi ta bayan gida, sai in ga ya tsaya, hannuwa a baya, yana girgiza kai. Da damina ta sauka wari ya tashi, maƙwabta suka fara magana. Wani ya ce wa Baba a majalisa, ashe abin da ake koyarwa a jami'a ke nan, yadda ake ruɓar da albasa. Baba ya dawo bai ci tuwo ba.

A mako na goma sha ɗaya aka kira mu Sakkwato gabatar da inda aka kwana a bincike. Na tafi ran Laraba, na dawo Juma'a da la'asar. Tun daga ƙofar gida na ji wani abu ya canja, na kasa gane ko mene ne. Sai da na shiga tsakar gida na gane: babu wari.

Na jefar da jaka na zagaya. Ga Baba, ga ɗan Goronyo, sun naɗe hannun riga, zufa har ƙafa, fuskokinsu sai sheƙi suke yi don jin daɗi. An share filin tas. Ruduna uku babu komai a ciki. Masu kyau duk an haɗe su a sauran ukun, an jera su gwanin sha'awa. Ruɓaɓɓun an haƙa rami an binne, da jan zarena da komai.

Ashe ɗan Goronyo ya zo gaida Baba da safe, Baba ya ce masa ya zo ya ga abin da ɗiyarsa take yi. Shi kuma da ya gani sai ya ɗauka aiki ne ya yi mini yawa. A garinsu, kamar a namu, saurayin da ke neman aure ba da baki yake fara nema ba. Zai zo ya kama wa gidan aiki, a gona ko a rumbu, a gan shi. Abin da bai iya faɗa mini ba shekara guda da rabi, shi ne ya zo ya faɗa da hannunsa. Baba kuwa ya samu wanda zai jingina wa laifi, bai ce masa uffan ba game da dokata.

"Sannu da dawowa," in ji ɗan Goronyo, yana share goshi. "Mun rage maki aiki."

Ban san na iya ihu haka ba.

"Mi kunka yi? Mi na yi maku? Wa ya aike ka?"

Murmushin ya tsaya masa a fuska. "Ruɓewa suka yi, na ga..."

"Ruɓewar ita ta aikin! Ita nika aunawa! Sati goma sha ɗaya!"

Na faɗi maganganu da yawa ranar, a gaban Baba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa ya koma wajen tsofaffinsa da jakunansu. Na ce kar in sake ganin ƙafarsa a gidanmu. Ya warware hannun rigarsa a hankali, ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, ya tura babur ɗinsa har ƙarshen lungu kafin ya tayar. Baba ya ce shi dai gyara suka yi, ya shige zaure. Na zauna a ƙasa tsakanin rudunan na yi kuka har Inna ta zo ta ɗaga ni.

Malamina ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ba dabara, sai an sake daga farko. Albasa kuwa sau ɗaya ake ajiyarta a shekara. Na rubuta takardar neman ƙarin hutu, aka ba ni shekara ɗaya, aka ce ita ce ta ƙarshe. Abokan karatuna suka gama suka yi hoto da riguna. Ni na koma Wurno ina jiran rani. Sau biyu na ɗauki biro zan rubuta cewa na haƙura da karatun.

Wata huɗu ɗan Goronyo bai zo ba, bai kira ba. Na ce wa kaina haka nake so. Ranar Alhamis in na shiga Sakkwato na je tasha sai in kama kaina ina leƙen motoci, in ji haushin kaina. Da fushin ya lafa sai na fara tuna sau nawa ya tambaye ni aikina ina yi masa gatse. Amma ban kira ba. Ina da taurin kai, gadonsa na yi.

Bayan an ɗauke ruwa, wata safiya saƙo ya shigo wayata. Hoto ne: fangali huɗu, iri ya fito kore shar, can baya ana hango bakin madatsa. A ƙasa ya rubuta cewa irin gonar Baba ne, ya karɓa wajen Inna. Ya roƙi mahaifinsa ya ba shi gefen gona. Ba wanda zai ba ta ruwa sai shi. Ya ce in rubuto masa duk dokokin, zai bi. Na dubi Inna, ta ce ita tana da aiki a madafa.

Kwana biyu na yi ban amsa ba. A na uku na rubuta masa dokoki shafi biyu, babu gaisuwa. Ya amsa da kalma ɗaya: to.

Haka muka sake ƙullawa, ta hanyar albasa. Yakan aiko hoto duk mako, ni in aika gyara. Ranar dashe na je da kaina tare da ƙanwar Inna. Na same shi cikin laka har gwiwa, mutumin da ke rubuta babi na huɗu na kundinsa. A bakin fangali na zauna na yi masa bayanin aikin tun daga tushe, yadda ya kamata in yi tun farko. Ya saurara, ya yi tambayoyi masu ma'ana har na ji kunya. Daga ƙarshe ya ce, "Na gane. Amma ki sani, ganin ruɓaɓɓa cikin masu kyau, jikina har ƙaiƙayi shika yi." Na ce ya sosa.

Da aka cire, shi ya kawo ta Wurno a mota, muka cika rudu shida. Kowace Asabar yana zuwa ya ɗaga buhu ya rataya a sikeli, ni ina rubutawa. In ya ɗauki ruɓaɓɓiya ya ɗaura mata jan zare, sai ya kau da kai kafin ya mayar. Baba ya yi alkawari ba zai taɓa ba. Damina ta sauka, wari ya dawo, maƙwabta suka dawo da maganarsu.

A mako na goma sha uku zazzaɓi ya kwantar da ni. Ranar Asabar ina kwance a ɗakin Inna, wanda tagarsa ke kallon bayan gida. Na aika masa da littafin awo ya yi shi kaɗai. Bayan azahar ina jin ƙarar sikeli, sai na ji takun Baba, da ƙarar kwando yana gogar bango. Na ɗaga kai da ƙyar na leƙa.

"Matsa, yaro," in ji Baba. "Ba duka za ni ɗiba ba. Waɗanda sunka narke kawai. Tana kwance, ba ta sani."

Zazzaɓi ya hana ni ɗaga murya. Na ga ɗan Goronyo ya aje buhu. Ya zo gaban rudu na uku ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, kamar mai gaisuwa. Amma a bakin ƙofar rudun ya tsuguna.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba a taɓawa."

Baba ya tsaya kamar bai ji daidai ba. "Gidanka na ko gidana?"

"Gidanka na, Baba. Aikinta na."

"Ni kaka hana ma abu? Bara ba tare munka yi ba?"

"Tare munka yi. Shi ya sa."

Muryar Baba ta yi ƙasa, irin wadda in mun ji ta muna yara muke neman wurin ɓuya.

"Ka san abin da kaka nema gidan ga?"

"Na sani, Baba."

"To tashi."

"Ba ni iyawa. Sati ukku ya rage mata."

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ga abin ƙarami ne. Mai neman aure ko ido ba ya haɗawa da uban yarinya, balle ya ce masa a'a, a cikin gidansa, a kan albasa. Daga inda nake ina ganin bayan rigarsa ya jiƙe. Bai tashi ba. Baba ya saki kwandon ya faɗi, ya juya ya tafi. Shi kuwa ya daɗe a tsugune, sannan ya miƙe ya ɗauki buhun ya ci gaba da awo.

Na koma na kwanta, hawaye na bin kunnena. Ina son mutumin nan. Na daɗe da sani, amma ranar na daina yi wa kaina gardama.

Baba ya ɗauke masa wuta. Asabar ta gaba ya zo ya durƙusa a zaure ya yi gaisuwa, Baba ya ci gaba da jan carbi. Ya gama gaisuwarsa shi kaɗai, har da tambayar iyali, ya zagaya baya. Ta gaba ma haka. Na ce wa Inna ta sa baki, ta ce wannan maganar maza ce, in bar su. Shi bai taɓa ɗaga mini zancen ba, bai ma san na gani ba. Na lura dai ya rame, kuma ya daina ba da labarin tsofaffi.

Ranar Asabar ta ƙarshe muna rudu na huɗu, ya rataya buhu, ina jiran allurar sikeli ta tsaya. Sai ga Baba ya zagayo, hannuwa a baya. Ya dubi rudunan ɗaya bayan ɗaya, ya yamutsa fuska saboda wari, amma bai matsa kusa ba.

"Kai, ɗan Goronyo."

Ya saki buhun ya durƙusa. "Na'am, Baba."

"Ubanka na nan lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ka ce mai ina son ganinai." Baba ya gyara tsayuwa, bai dubi kowa ba. "Wanda ya iya hana ni abu cikin gidana don ɗiyata, ba ni jin tsoron wani ya taka ta cikin gidanai."

Ya juya ya tafi abinsa. Mu biyu muka kasa duban juna. Shi yana durƙushe yana kallon ƙasa, ni ina riƙe da littafi. Na rubuta nauyin rudu na huɗu a layin na biyar, na soke, na sake rubutawa a wurin da ba daidai ba. Sai da ya miƙe ya share ido da hannun riga ya ce, "Malama, a sake awo." Muka sake, muka yi na biyar da na shida, littafin ya cika har layin ƙarshe babu gurbi ko ɗaya.